Waken Malama Hanatu

Malama Hanatu ta zo Azare daga Bogoro da takardar shaidar koyarwa da kuma wani hali da abokan aikinta ke yi mata addu'ar rabuwa da shi: so take yaro ya gane abin da ake koya masa. Aiki ta samu a makarantar Alhaji Sherif, ɗan kasuwar siminti da kwanon rufi, wanda ya mai da tsohon sitonsa makaranta tun ranar da ya lura yara ba sa daskarewa idan damina ta sauka.

A zangon nan darasin ya kai kan yadda tsiro ke haɗa abincinsa. Ta tambayi ajin me wake yake ci, suka haɗa baki suka ce ƙasa. Ba ta yi musu ba. Ta sa kowa ya kawo gwangwanin madara, aka huda gindinsa, aka zuba ƙasa, aka shuka wake, aka jera a bakin tagogi. Da ganye ya buɗe, ta ɗaga gwangwani guda.

"Ganyen nan shi ne madafi," in ji ta. "Saiwa tana jawo ruwa. Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake ɗibar iskar da muke fitarwa. Wannan koren shi ke kama hasken rana, hasken kuwa shi ne wutar girkin. Abin da aka dafa sukari ne, da shi tsiro ke girma, sannan ya sako mana iskar da muke shaƙa."

Wata yarinya mai suna Meram, mai kaifin kai da yawan tambaya, ta ce, "Malama, in aka ɗauke wutar fa?"

"Sai girki ya tsaya."

Ana cikin haka aka tafi hutun tsakiyar zango, aka bar wa maigadi amanar ba waken ruwa. Alhaji kuma ya tafi Bauchi taron masu makarantu, ya dawo da naɗin fastocin kimiyya, manyan takardun hotuna masu ƙyalli, kowane ya kai faɗin tabarma. Da ma tagogin ajin sun daɗe suna ba shi kunya, don gilasansu sun farfashe, kuma duk wanda ya leƙa, garejin masu gyaran babur zai gani. Ga ranar taron iyaye ta matso. Sai ya kira kafinta, aka buga katako a kowace taga, aka manna fasta a kai.

Ranar da aka dawo, Malama Hanatu ta tsaya a ƙofar ajinta tana jiran idonta ya saba da duhu. A tagar gabas, inda hantsi ke shigowa, ga wata ƙatuwar rana ta takarda tana murmushi, kibiyoyi na sauka daga gare ta zuwa kan wani ganye kore shar. A ƙarƙashinta waken yara ya yi tsawo, siriri, fari fat kamar taliya, ganyen ya koma ruwan ɗorawa, wasu sun kwanta a gefen gwangwani. Maigadi bai ci amana ba, ƙasar a jiƙe take.

Ranta ya ɓaci, amma kafin ta kai ofis wata dabara ta zo mata. Ta gaida Alhaji, ta ce, "Ranka ya daɗe, waken yara ya lalace saboda an rufe tagogi. Amma abin zai yi mana amfani. Akwai gwangwani biyu da na kai gida, suna nan kore. A ajiye su gefen waɗannan ranar taro, yara su nuna wa iyayensu bambancin da haske ke yi."

Alhaji ya dube ta ta saman tabarau. "Malama, so kike a ce a makarantata ko wake ba ya rayuwa? Taki ne ba ki sa ba. Ni ɗan manomi ne."

"Ba taki ba ne, Alhaji, rana ce."

"To ba ga rana nan na sayo miki ba? Har da bayani da Turanci."

A ranar aka kwashe gwangwanayen aka zubar a bayan katanga. Washegari direban Alhaji ya kawo furannin roba daga kasuwa, irin waɗanda ake jerawa a ɗakin amarya, a cikin tukwane masu ruwan zinare. Alhaji ya ce a zaɓi yarinya mai murya ta haddace abin da ke jikin fastar, kada ta tsallake ko wasali.

Malama Hanatu ta yi niyyar ajiye aikin, har ta faɗa wa mijinta. Shi kuma ya tambaye ta ko ta san wata makarantar da mai ita ya fi wannan. Da safe ta zaɓi Meram.

Ranar taro aka tada janareta, ƙwan lantarki ya haska ajin, fastoci suka ɗauki ido. Iyaye suka cika benci, wasu tun daga Itas da Jama'are. Meram ta fito da sanda a hannu, tana nuna ranar takarda, tana nuna furen roba, tana zubo Turanci kamar famfo. Da ta furta "fotosintesis", sunan girkin tsiro a Turance, ba tare da harshenta ya sarƙe ba, ɗakin ya ɗauki tafi, mahaifiyarta har da share hawaye. Wani dattijo ya shafa ganyen robar ya ce, "Masha Allah, ko ƙwaro bai taɓa shi ba."

Alhaji ya miƙe ya yi jawabi a kan zamani da kimiyya, ya ce makarantarsa ta wuce wasa da ƙasa. Daga nan ya kira Malama Hanatu a matsayin gwarzuwar malamar shekara, ya miƙa mata kular abinci a cikin kwali. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta rusuna, ta yi wa mai hoto murmushi.

Da aka watse Meram ta biyo ta. "Malama, shi wannan furen yana girkin?"

"Je ki, mamanki na jira," in ji ta.

Sabon zango ya zo da sababbin ɗalibai har benci ya kasa. Ajin ya koma kamar tanda, yara na gyangyaɗi tun hantsi. Iska ɗaya da ta rage tana shigowa ne ta wata 'yar kafa a saman ƙofa. Ran nan sai ga Alhaji da kafinta da wani sabon naɗi.

"Malama, na samo miki na numfashi. Dubi huhun nan, kamar ya yi magana. Can sama za a sa shi, kowa ya gani."

Ta dubi kafar, ta dubi yaran da ke fifita da littattafansu.

"To, Alhaji," ta ce. Ita ta riƙe wa kafinta kujera har ya gama buga ƙusa.