Waɗanda Ba Sa Fushi

Aikina a gidan rediyo shi ne in kalli fim in gaya wa jama'a ko ya cancanci su ɓata lokacinsu a kansa. Makon nan furodusa ya miƙo min wani yana dariya, ya ce kashi na biyu ne. Na ce ina na ɗayan? Ya ce shi ma bai taɓa jin wanda ya gan shi ba, don talabijin aka yi su, ko ƙofar silima ba su leƙa ba.

Na taho da shi gida, domin mai kula da Mama ta tafi ganin danginta, ni kuwa ba na barin Mama ita kaɗai. Ciwon mantuwa take fama da shi tun bara. Wata rana ta gane ni, wata rana ta tambaye ni ko ni ce mai kawo wanki. Ranar da ta gane ni takan kira ni Barkono, sunan da ta laƙaba min tun ina ƙarama saboda zafin raina. Ba ƙarya ta yi ba, ni ko ƙofa ta buge ni sai na rama. Amma likita ya zaunar da ni ya ce kada in yi musu da ita, kada in ɗaga mata murya, duk abin da ta ce in bi ta a hankali. Na sha wuya kafin na iya. Ta zubar min da shayi a kan kwamfuta na ce sannu. Ta ɓoye min makulli a cikin firij na yi murmushi. Har furodusa sai da ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Bayan mun ci abincin rana na kunna fim ɗin a talabijin ɗin falo. Mama tana kan doguwar kujera, kanta a jingine, idonta rabi a rufe. Na ɗauka gyangyaɗi take yi.

Fim kam ba a cewa komai. Jirgin da wasu baƙi suka sauko da shi daga wata duniya sak murfin tukunya, har zaren da aka rataye shi ana gani. Wai wasu halittu ne da suke shiga tankin ruwa, su biyo famfo, duk wanda ya sha sai su cinye shi daga ciki su saka fuskarsa. Sun san duk abin da ya sani, sunan 'ya'yansa, inda yake ajiye takalminsa. Abu ɗaya ya gagare su, ba sa iya fushi. Akwai wurin da jarumin ya zage matarsa tas, ya fasa mata faranti a gaban ƙafa, ita kuwa ta tsaya tana murmushi tana ce masa sannu da muryar nan mai laushi. Gaskiya wannan wurin ya ɗan tayar min da tsigar jiki. A ƙarshe ya kulle kansa da ita a kicin, ya buɗe gas, ya ƙyasta ashana, domin wuta kaɗai ke kashe su.

Na kashe talabijin ina tsaki. Na leƙa fuskar Mama na ga idonta a rufe, na gyara mata matashi, na shige ɗaki na ja ƙofa don in ɗauki muryata a waya in tura wa furodusa. Ina tsakiyar yi wa murfin tukunyar nan wankin babban bargo sai hancina ya kama wani wari.

Gas.

Na fito. Babu kowa a kan kujera. Ƙofar kicin a rufe, na tura na ji an saka sakata ta ciki. Ta ƙarƙashin ƙofar warin ke fitowa, ina kuma jin hucin kan murhu, ba kai ɗaya ba. Tukunyar gas ɗin tana ciki tare da ita. Tagar kicin ɗin ƙarfe ne aka gitta mata, ko hannu da ƙyar yake shiga.

Na kwantar da murya yadda likita ya koya min. Na ce, "Mama, buɗe min ƙofa. Ni ce."

Sai na ji ƙarar 'ya'yan ashana a cikin kwalinsu, ana girgiza su.

"Mama, sannu. Ba komai. Ki buɗe mu zauna tare."

Daga bayan ƙofar ta ce, "Haka suke magana." Muryarta ƙasa-ƙasa, amma a tsaye take, ba ta mai mantuwa ba. "Ina kika kai 'yata?"

"Ni ce 'yarki, Mama."

"Shigo mana. Ki shigo in gan ki da kyau."

Sakata ba ta motsa ba. Jira Mama take in ɓalle ƙofar da kaina in faɗo ciki. Na fara zuba mata duk abin da na tuna, tabon da ke gwiwata, ranar da na faɗo daga keken Yaya ta goya ni zuwa asibiti, launin mayafin da ta saka ranar da na gama makaranta. Ina faɗi ina hawaye, amma ban bari muryata ta tashi ba.

Ta ce, "Ai kun san komai. Kun sha shi daga kanta." Na ji an zare kwalin ashanar. "'Yata da na zubar mata da shayi a kan injinta da ta tara min unguwa. Ke kika ce min sannu. Tun ranar na gane."

Warin ya kai maƙogwarona. Idan na fita neman maƙwabta, kafin in dawo an gama. Idan na doki ƙofar, ta ƙyasta. Na tsaya ina kallon fentin da ya ɓare a jikin katakon, na rasa abin da ya rage min. Sai na ji tsinke ya taɓa gefen kwalin, a hankali, irin na mai gwadawa.

Ban san lokacin da na daki bango da tafin hannu ba.

"Ke wai wace irin tsohuwa ce! Buɗe ƙofar nan kafin raina ya gama ɓaci! Kin hana ni barci, kin hana ni aiki, kin ɓata min kwamfuta, makullina a firij, yanzu kuma gidan za ki ƙona mana? Na gaji, Mama, wallahi na gaji da ke. Ajiye ashanar nan na ce."

Ban tsaya nan ba. Duk abin da na haɗiye tun bara sai da ya fito, har da wanda ban san yana cikina ba. Da na yi shiru babu abin da ake ji sai hucin gas.

Sakata ta yi ƙara.

Na bangaje ƙofar na wuce ta, na murɗe kawunan murhun duka, na rufe tukunyar, na tura taga. Na fizge ashanar daga hannunta na cusa a aljihun rigata, na janyo ta zuwa baranda muna tari mu biyu. Na zaunar da ita a kan tabarma, ni ma na zube a gefenta.

Ta kama fuskata da hannu biyu tana dubawa. Idonta ya cika da hawaye, amma murna ce a fuskarta, irin wadda na daɗe ban gani ba.

"Barkono," ta ce. "Ina kika shiga haka?"

Ta matso, ta riƙe gefen rigata gam, ta kawo bakinta kusa da kunnena tana waiwayen ƙofar falo.

"Wata ce take zama da ni, mai kamarki. Ta ba ni abinci tana murmushi, ta yi min wanka tana murmushi. In tana gidan ba na barci, rufe ido kawai nake yi. Kada ki ƙara barina da ita, kin ji?"

Tausayinta ya kama ni. Na shafa bayanta, bakina ya riga ni, na ce, "Ba komai, Mama. Yi haƙuri, sannu."

A hankali yatsunta suka saki rigata. Ta ja baya kaɗan a kan tabarmar tana kallona, sannan idonta ya sauka kan aljihuna.