Ana Ruwa a Wajen Uwarki?

Tun ranar da muka sauka a Kyela, tambaya ɗaya matan unguwar suke yi mini. Ba su damu da sana'ar mijina ba, ba su damu da abin da ya kawo mu ba. In na je rijiya ko sayen kifi, sai wata ta gaishe ni, ta ja kumatun 'yata, sannan ta ce, "Maman Tulizo, kin ji daga gida? Ana ruwa a wajen uwarki?"

Na ɗauka irin gaisuwarsu ce. Nakan ce lafiya lau, in wuce.

Mu mutanen Makete ne, can kan duwatsu, inda gajimare yake shigowa har tsakar gida, raɓa ta daskare a kan ganyen dankali. A can na haifi Tulizo, kuma da fuka ta zo duniya. Da sanyi ya kama, ƙirjinta sai ya riƙa fito kamar an huda gora. Na sha zama da ita a kan cinyata ina kallon haƙarƙarinta yana lotsawa. A sanyin bara leɓɓanta suka yi shuɗi a hanyar asibiti, kuma nas ɗin da ta karɓe mu ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce magani zai taimaka, amma in muna da hali mu kai yarinyar nan inda ake gumi.

Mun daɗe muna aunawa ni da mijina Obadiya. Dar es Salaam akwai zafi, amma ɗan'uwansa da ke can ya ce haya kaɗai za ta cinye abin da kafinta yake samu, ruwan sha ma saye ake yi. Mbeya kusa ce, sai dai sanyinta ƙanen namu ne. Kyela kuwa tana ƙasan duwatsunmu, a bakin tafki. Shinkafa a ƙofar gida take, ayaba sai ka ture, kifi araha, gawayin ɗumama ɗaki da bargo duk an huta da sayensu. Obadiya ya riga mu sauka don neman wuri.

Ya dawo yana murmushi. Ya ce ya ga wurare biyu. Ɗaya ɗaki ne ƙwaya ɗaya a kan tudu, bakin kwalta, rana na dukansa, kuɗinsa kamar na otel. Ɗayan kuwa gida ne sukutum, a cikin kwari, bayan gonar koko, da ƙorama a kusa, kuma rabin kuɗin wancan.

"Mutanen nan ba su san darajar wuri ba," in ji shi. "Kwari fa, Maman Tulizo. Iska ba ta isa, ruwa ga shi nan. A garinmu sai ɗan gado ne zai samu irinsa."

Gaskiyarsa ne. A wurinmu wanda ya samu kwari ya gama sa'a, kan tudu kuwa na wanda ya zo a makare ne, shi da iska da hawa da tulu. Ni ma da na ji, hamdala na yi.

Kuma wurin ya karɓi Tulizo. Wannan ne abin da ya rufe mini ido. Ba mu daɗe ba fiton ya ɗauke. Yarinyar da ba ta taɓa gudu ba tare da ta durƙusa ba, sai ga ta tana bin agwagin maƙwabta ba riga. Abin shaƙarta ya zauna a ƙasan jaka har na fara mance inda yake. Na saya mana gidan sauro, na koyi dafa ayaba da kifi, na ce wa kaina mun iso.

Amma ni mace ce mai shara, kuma mai shara tana ganin abubuwa. Farar ƙasar da aka shafa wa bangon sabuwa ce daga ƙasa zuwa daidai ƙirjina, daga nan zuwa sama tsohuwa. Duk ƙusoshin rataye kaya suna can kusa da rufi, sai na taka kujera nake kaiwa. In na jiƙa daɓen ɗaki, wani wari yakan taso, irin na tulun da aka daɗe ba a wanke ba. A gidan da ke kusa da namu kuma akwai kwalekwale ɗaure a gindin mangwaro, a busasshiyar ƙasa, ga tafkin da nisa.

Gidan mai kwalekwalen na wata tsohuwa ne, Bibi Ndimbumi. Ita ce ta raɗa mana suna mutanen bargo, don ta ga abin da muka fara saukewa daga mota. Obadiya kuwa mijinta take kiransa, tana cewa in ya gaji da siririyar matarsa ga ta nan. Na taɓa tambayarta zancen kwalekwalen.

"Na marigayi ne," ta ce. "Yana son inuwa."

"Kwalekwalen ne yake son inuwa, Bibi?"

"Ke da tambaya kamar 'yar sanda. Kin ji daga gida? Ana ruwa a wajen uwarki?"

Damina ta yi nisa, ruwa yana zuwa yana wucewa, ƙasa tana shanyewa. Sai aka samu 'yan kwanaki sama ta washe tas. Ranar da nake ba da labari, rana ta fito da ƙarfinta tun da safe, na shanya wanki, Obadiya yana bayan gida yana goge katakan wasu kujeru da aka ba shi aiki. Sai mahaifiyata ta kira ni a waya. Da ƙyar nake jin ta saboda ƙarar ruwan sama a kan kwanon rufinsu.

Ta ce ruwa ya ƙi tsayawa, tun makon jiya ba su ga rana ba. Dankali yana ruɓewa a ƙasa. Gadar katakon da muke bi zuwa coci ta tafi da asuba, har da gefen gonar kawuna. "Ku dai kun huta," ta ce. "Ki gaishe mini da jikata."

Na leƙa gidan Bibi don in mayar mata da faifanta. Tana zaune tana tsintar shinkafa. Ta yi tambayarta ta kullum, ni kuma yau ina da amsa, sai na kwashe duka na faɗa mata, har da gadar.

Ta ajiye tiren shinkafar a hankali, ta miƙe, ta dubi wajen duwatsu. Ni ma na duba. Can nesa, inda garinmu yake, sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. A kanmu kuwa ko gajimare ɗaya babu.

"Gadar ta tafi da asuba, kika ce?"

"Haka ta ce."

Ta ɗaga murya ta kira matar ɗanta da yarensu. Kafin in juya, maganar ta tsallaka katanga, ta tsallaka wata. Ba wanda ya yi ihu. Na ga mata suna miƙa buhunan shinkafa sama ana ɗaurewa a sandunan rufi. Wani mutum ya wuce yana jan awaki zuwa wajen kwalta. Matar ɗan Bibi ta kwashe ganyen da ya taru a cikin kwalekwalen.

"Bibi, mene ne?"

"'Yata, ruwan da ya sauka a gonar uwarki, ina kike tsammani yake zuwa?" Ta kama hannuna, tafinta a bushe. "Ku kuna duban saman kanku. Mu naku muke duba. Gidana ya fi naku tudu, kuma bara a kan tebur na yi girki."

"Me ya sa ba wanda ya faɗa mana?"

"Mai gidan da kuke haya ɗan ƙanwata ne," ta ce, ta kawar da kai. "Na ce masa kada ya ba masu ƙaramin yaro. Kuma wa ya san akwai mutumin da zai ga kwari a ƙasar nan ya yi murna? Ɗauki yarinyar. Kada ki tsaya naɗe bargo."

Na tarar da Obadiya yana busa ƙurar katako. Na faɗa masa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, kamar yadda ubansa yake yi, kamar yadda nawa yake yi.

"Dubi rana fa. Tsohuwar nan ta mayar da ke abin wasa."

"Ka zo ka ga bangon ɗakinmu, Baban Tulizo. Ka ga inda farar ƙasar ta tsaya."

"Na gani tuntuni. Farar ƙasar ce ta ƙare musu." Ya ci gaba da aikinsa. "Mun biya haya har girbi. Katakon nan ba nawa ba ne. In bar shi a nan in je in tsaya a kan titi kamar mai jiran mota, su yi ta dariya? Dama mutanen bargo suke ce mana."

"Su ma titin za su."

"To ki je ki raka su. In kin gaji ki dawo ki ɗora mana tukunya."

Na shiga ɗaki, na zazzage jaka sai da abin shaƙar ya faɗo, na soke shi a ƙirjina tare da katin asibitinta. Tulizo tana bayan ɗaki a tsugune tana kallon wani abu. Tururuwa ce, layi guda, tana hawa bango ɗauke da ƙwayayenta farare.

"Mama, su ma ƙaura suke yi?"

Na goya ta, na ɗaure zanen da kyau, na ƙara wani a kai.

Hanyar zuwa kwalta tana ratsa gonar koko, sannan ta tsallake wani lambatu da nake taka shi a bushe kullum. Yau akwai ruwa a ciki, ja, kuma ba wajen tafki yake gangarawa ba. Baya yake yi, yana shiga gonaki a hankali ba ƙara. Na tattare zanena na sa ƙafa.

Sanyin ya hau ni har haƙora. Ruwan Kyela ɗumi gare shi, ko na rijiya. Wannan kuwa na san shi. Shi na yi wanki da shi tun ina yarinya har yatsuna suka tsage. A kansa ga ganyen itacen katako irin na bayan gidanmu yana juyi, ga karan dankali. Abin da muka gudo wa ne ya biyo mu har ƙasa.

Ruwan ya kai mini gwiwa a tsakiya, ya kai cinya. Na sa hannu biyu na tallabe ƙafafun Tulizo na ɗaga su sama, ina tafiya ina laluben ƙasa da yatsun ƙafa. Ta ce in sauke ta ta taɓa. Na ce in ta motsa sai na dake ta, ni da ban taɓa ɗaga mata hannu ba.

A kan kwalta mutane sun cika, da awaki da katifu da tukwane. Ba mai kuka. Wata ma ta hura wuta tana soya rogo. Na tsaya a bakin titi ina kallon gonar kokon, rana tana dukan kaina, ruwan yana cin gindin itatuwa ɗaya bayan ɗaya. Na kira wayar Obadiya, tana ta ƙara ba a ɗauka.

Sai da inuwa ta fara tsawo kwalekwalen ya ɓullo daga cikin itatuwa. Matar ɗan Bibi ce take tuƙi. Bibi tana zaune a tsakiya da kaza a cinyarta. A bayanta Obadiya ne, jiƙe har wuya, rungume da akwatin zartonsa, haɓarsa tana kaɗawa.

"Ga mijin namu," in ji Bibi da suka iso. "A kan taga na tsince shi yana duban sama."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Obadiya ya zauna a gefen kwalta, bai dube ni ba. Can ya ce katakon ya tafi. Ya ce gobe akwai motar da za ta hau Makete, gara sanyin da muka sani.

Na kwance Tulizo daga bayana. Barci take yi, goshinta da gumi. Gefen zanen ya jiƙe, ƙafarta ɗaya ta yi sanyi. Na murza ta a tafin hannuna, sannan na kwantar da kunnena a ƙirjinta, na daɗe ina saurare a cikin hayaniyar awaki. Iska tana shiga tana fita, ba fito.

"Ba za ta hau dutsen nan ba," na ce. "Ɗakin kan tudun nan, ka je ka ji ko yana nan. In ayaba za mu ci safe da yamma, mu ci."

Ya miƙe ya tafi, ruwa yana ɗiga daga wandonsa. Wayata ta yi ƙara a ƙirjina. Mahaifiyata ce. Matan da ke kusa da ni duk suka juyo, mai suyar rogo ma ta tsaya da cokali a hannu.

"Mama," na ce, "har yanzu ana yi?"