Injiniyan Guga

Alƙasim ya dawo Tama daga Abidjan da akwati ɗaya, da baƙin tabarau, da ilimin da ya fi ƙarfin kansa. A can ya yi aiki a masana'antar roba. Aikin dai shara ne, amma shara kusa da inji, kuma a wurinsa wannan ya isa mutum ya zama injiniya. Da idonsa ya ga ana tuttula wani mai da ake tacewa daga ɗanyen fetur cikin danƙo ana kwaɓawa, don ya yi laushi ya karɓi siffa kafin a gasa shi ya zama taya. "Kafin a gasa" ɗin ne ya faɗi a mota, bai iso Tama ba.

Abin da ya dame shi guda ne: Zalika, bazawarar da mijinta ya rasu ya bar mata lambun albasa da rijiya a fadama. Alƙasim ya aika mata goro, ta karɓa, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Sonta yake yi har ransa, wannan kam ba ƙarya.

Ran nan ya tarar da ita bakin rijiya tana tsaki. Tun shekarun fari da shanu suka ƙare, gugar fata ta yi wuya, kowa ya koma ta robar cikin taya. Tata ta bushe, ta fara tsagewa.

"Wagga guga ƙishirwa taka ji," in ji shi. "A izin, masana'antar da munka yi aiki, roba mai taka sha. Ke ba ki shahwa ma ta hwata man shanu? To, ita ko man mota taka so."

Maganar ta shiga kunnen Zalika, don kakanninta ma haka suka yi wa fata. Ta ce, "To, Injiniya, gwada mu gani."

Sunan nan ya kai shi har Madawa ranar kasuwa. Ya roƙi baƙin man da aka juye daga injin wata babbar mota, ya ɗauko shi a jarka kamar mai ɗauke da zuma. Ya jiƙa gugar a ciki, ya bar ta ta ƙoshi. Ta kuwa ƙoshi. Ta kumbura, ta yi sulɓi da laushi, har ya riƙa bi lambu-lambu yana cewa a taɓa a ji aikin Abidjan.

Zalika ta zura ta a rijiya. Ta jawo kamar rabi, sai igiya ta yi sakayau a hannunta. Gindin gugar ya rabu da bakinta ya koma ƙasa, mai ya baje kan ruwa yana ƙyalli launi-launi. Jakinta ya sansana ya kau da kai. Irin albasar da ta dasa yana jiran ban ruwa, ga rana ta take.

Alƙasim ya cire tabarau. Kunya ta kama shi. Ya aro gugar maƙwabci ya yi ta yasar rijiya, har tafin hannunsa ya sale. Ruwan bai daina wari ba sai da rabin irin ya kwanta. Duk wannan Zalika ba ta zage shi ba, ya kuwa ɗauka alamar alheri ce.

Washegari da hantsi ƙanwarta Dela ta yi sallama a gidan su Alƙasim, ta ajiye yagaggiyar gugar a gabansa. Goronsa na ciki, ya bushe ƙayau, ko ɗaya ba a ɓare ba.

Dela ta ce, "Yaya ta ce goron ga ya yi mata tauri. Wai ka jiƙa shi cikin mai, in ya yi laushi ka ci abinka."