Inda Aduwa Take a Da

Hillat Jatau, wato ƙauyen Jatau, kudu da garin Doka, da bukkoki bakwai ta fara. Jatau ya taso daga yamma da shanunsa zai tafi Makka, shanun suka ƙare a hanya, sai ya haƙa hafir, wato tafkin tara ruwan sama, ya zauna. Yau garin yana da makarantu biyu, da asibiti mai ɗaki uku, da injin niƙa, da kasuwar Laraba da manyan motoci ke zuwa ci tun daga Gadarif. Har sabuwar makabarta gare shi, mai katanga.

Tsohuwar makabartar kuwa ba ta da komai. Mutanen Jatau ba sa rubuta suna a kan kabari, sai dai a ce wane yana gabas da aduwa, wance tana yamma, taku kaza. Ƙasar baƙar laka ce, da rani ta tsage ta haɗiye dutse, da damina ta shafe tudu. Ummusalama, uwar Haladu, taku goma take yamma da aduwa.

Shekarar da aka ba wani attajiri filin ya yi gonar dawa ta inji, masu gawayi suka riga kowa shiga. Haladu yana Fashaga yana tuƙin tarakta. Ya dawo ya tarar babu aduwa, babu ko kututture, sai fili shimfiɗe iya ganin ido. Kuma shi aka ɗauka ya yi huɗar.

Dattawa suka roƙa, attajirin ya yarda a tsallake makabarta in an nuna iyakarta. Aka kira Kawu Cindo, wan marigayiyar, wanda ya sa ta a rami da hannunsa. Da hantsi suka fita, wakilin mai gona yana rungume da turaku huɗu.

"Yalla ya Hajj, mu je, ina ne?" in ji wakilin.

Cindo ya yi gaba, ya ja ya tsaya, ya waiwaya. "Da daga wurin ana hango bakin hafir."

"Kawu, gidaje sun rufe hafir tun ina yaro," in ji Haladu.

"Rufe mini baki, ɗan ƙarfe! Kai da ka sha nononta, ka nuna mana."

Haladu ya sunkuyar da kai. Wakilin ya dubi hadari ya ce shuka ba ta jiran kowa. Cindo ya ɗaga sanda ya nuna, aka kafa turaku.

A hanyar komawa tsohon ya kama hannun rigar Haladu. "Ban sani ba, ɗana. Na nuna ne kada a ce mun manta da matattunmu."

Haladu ya so ya ƙi aikin. Amma in ya ƙi, wani direban ne zai hau, wanda ba zai ko waiwaya ba. Washegari ya hau. Ya ɗage faya-fayan huɗa har suna shafar ƙasa kawai.

"Ya zol, kai mutumin nan, kitso kake yi mata?" wakilin ya daka tsawa. "Sauke!"

Ya sauke. Yini guda yana tuƙi wuyansa a karkace, yana kallon ƙasar da ke kifewa a bayansa, bakinsa yana salati. Bai ga komai ba.

Da kaka ya bi gonar layi layi da ƙafa, yana neman inda dawa ta fi tsawo ko ta fi duhu. Ko'ina kansu ɗaya.