Hoton Cigiyar Malam Gwadabe

Malam Gwadabe, tsohon tela a Soron Ɗinki, ya fita sallar la'asar bai dawo ba. Tun bara ruɗewar tsufa ta kama shi, wani lokaci ko sunansa ba ya iya faɗa. Washegari 'yarsa Nana Khadija ta zo shagon Salisu a Gwale, inda ake tsara katin biki da kalanda a kwamfuta, tana son takardar cigiya.

Rubutun bai ba da wahala ba. Ta turo masa ta waya, ya kwafo ya zuba a shafi, ya ƙara wa lambar wayarta girma. Da aka zo kan hoto ne aka samu cikas.

"Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi ba," in ji ta. "Cewa yake ranar ƙiyama za a ce wa mai hoton ya hura masa rai."

Guda ɗaya ta samo, na ranar sunan jikansa. Tsohon yana can baya a bakin zaure, bai san ana ɗauka ba, fuskarsa ba ta fi ƙwayar wake ba. Salisu ya shigo da hoton cikin shafin, ya yanke sauran mutanen, ya ja kusurwa don ya cika rabin takarda. Fuskar ta farfashe kamar saƙar tabarma. Duk da haka ana iya gane farin da ke idon hagu, da yadda kumatun suka lotsa.

"Haka za a manna ubana a bango?" ta tambaya.

"Akwai manhajar da ke cike fuska, Malama. Sai dai abin da ba ta gani ba, ƙirƙira take yi."

"Gwada mu gani."

Ya gwada. Wani dattijo ya fito tar, ido biyu garau, kumatu a cike, gemu a taje. Nana Khadija ta daɗe tana kallonsa.

"Haka yake kafin Inna ta rasu," ta ce a hankali. "Wannan za ka sa."

Salisu ya buɗe baki zai ce ba wannan ne ya ɓata ba, sai ya ga tana goge ido da bakin mayafi. Ya saba da amare masu son a haskaka su, da 'yan takara masu son a rage musu tumbi, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki don ya yi kyau da yawa ba. Ya sa, ya buga.

Bayan wasu kwanaki ta dawo, ta zauna a benci.

"An same shi?" in ji Salisu.

"An binne shi, a Dukawuya. Wani mai shayi, Audu, shi ya riƙa ciyar da shi. Zazzaɓi ya kama shi ya cika, mutanen unguwa suka yi masa sutura a matsayin baƙo. Sai daga baya, da aka ga tef ɗin awo a aljihun rigarsa, wani ya tuna ana cigiyar tela."

"Allah ya jiƙansa. Takardar ba ta kai can ba?"

"Tana manne a jikin rumfar Audun. Ba ya karanta boko, hoto yake kallo. Ya ce na takarda wani Alhaji ne mai lafiya, nasa tsohon kuwa ido ɗaya gare shi."

Salisu ya rasa inda zai sa idonsa.

"Na asalin yana nan?" ta ce.

"Yana nan."

"Buga min ɗaya. Kar ka taɓa masa komai."

Ya buɗe sabon shafi, ya shigo da hoton, ya ɗauke hannunsa daga kan kusurwar. Takarda ta fito da jama'ar suna suna ta dariya, tsohon kuma yana can baya a bakin zaure, ɗan mitsitsi, yana kallon hanya.