Shaiɗan Mai Taushin Hannu

Ƙararrawar majami'a na kaɗawa, Irmgard na cusa wa mijinta tsumma a cikin hula. Yau idin Mala'ika Mika'ilu ne. Duk shekara 'yan zuhudu kan rera waƙar faɗuwar Shaiɗan, baƙi wuluk, gurgu, mai warin hayaƙi. Da an fito, sai jama'a su jefi wanda ya yi kama da shi. Gurgu mai toya gawayi kuwa ɗaya ne a ƙauyen, mijinta Gozwin. Bara saura ƙiris ya rasa ido. In ya ƙi zuwa, a ce ruwan tsarki yake gudu.

"Ƙara tsumman, uwargida," in ji shi yana dariya. "Kan nan shi kaɗai gare ni."

Ita tsoro ya hana ta dariya. Ta ɗora ranta kan ƙanensa Ekbert, ɗan zuhudun da aka ba aikin sabunta waƙar bana.

* * *

Irmgard ba ta jin Latin, harshen da ake rera waƙar da shi, amma Ekbert ya riga ya fassara mata. Shaiɗan ɗinsa kyakkyawa ne, tafiyarsa sumul, hannunsa da taushi don bai taɓa riƙe gatari ba. Bai taɓa jifan kowa ba ma, dutsen kawai yake miƙa wa mutane. Da muryoyin 'yan zuhudu suka ɗauka a majami'a, sai da tsikar jikinta ta tashi. Yaron nan ya iya!

Sai dai jama'a sunan Shaiɗan kaɗai suka tsinta. Ana fitowa suka duƙa neman duwatsu.

Ekbert ya ratso su cikin farar rigarsa, ya tsaya a gaban yayansa, ya sake rero waƙar da harshen ƙauye, abin da ɗan zuhudu bai taɓa yi ba. Hannaye suka fara sauka, kowa na satar kallon abin da ya riƙe. Dutse ɗaya dai ya riga ya tashi, ya fasa wa Ekbert goshi. Bai tsaya ba sai da ya dire baitin ƙarshe. Irmgard ta ji ba ta taɓa girmama mutum kamarsa ba.

"Kai dai da taurin kai," Gozwin ya ce, yana share masa jini da hannun gawayi. Fuskar Ekbert ta yi baƙi ƙirin.

A bayan Irmgard wata tsohuwa ta taɓa maƙwabciyarta.

"Dube su," ta ce a hankali. "Ashe kama suke yi."