Wa Ke Goge Mamaya?

Tun da rigimar tsibiri ta taso tsakanin ƙasarsu da maƙwabciyarta, Edita ya daina yarda da shafin farko na jaridarsa. Tsibirin ba wani abin a zo a gani ba ne, 'yan bukkokin masunta ne a tsakiyar kogin da ya raba ƙasashen biyu, amma kowace ta rantse nata ne.

Wata rana da hannunsa ya rubuta kanun labari: "Sojojin maƙwabta sun mamaye tsibirinmu." Da safe ya buɗe jarida sai ya ga: "Sojojin maƙwabta sun sauka a tsibirin da ake jayayya a kansa." Ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Ya jawo jaridun makon jiya ya bi su layi-layi. Inda ya san an rubuta "sun yi iƙirarin," ya tarar da "sun ce." "'Yan kutse" sun koma "masunta." "Dakarunmu sun mayar da martani" ya zama "an yi musayar wuta." Ba ƙarya ko ɗaya a ciki, amma an zare wa labarin haƙora kaf.

Bai yi wa kowa magana ba, sai ya zuba ido. Idon kuwa bai tsaya ko'ina ba sai kan mai fassara, matar da ke zaune kusa da taga tana juya musu labaran jaridun ƙetare. Mijinta mutumin can ne. A ofis ma da wasa ake ce mata Surukar Maƙwabta, ita kuma ta yi dariya ta ce a bi ta a hankali, kada ta kai ƙara gidan miji.

Yanzu wasan ya daina ba Edita dariya. Ya lura in wayarta ta yi ƙara, matakala take fita ta amsa, kuma da yaren maƙwabta take magana, ƙasa-ƙasa. Ya lura takan daɗe a ɗakin tsara shafuka. Ko gaisuwarta sai ya ji kamar da wata manufa a ciki.

Ya kira mataimakinsa Dogo, abokinsa tun suna yawon neman labari a kan babur ɗaya.

"Mutumina, akwai mai yi mana aski a shafin farko. Kuma ina jin na san ko wace ce."

Dogo ya sosa ƙeya. "Kai dai ka bincika tukuna."

"Binciken me kuma? Wa ke da dangi a can in ba ita ba?"

Washegari ya mayar da ita shafin kiwon lafiya. Ta dube shi ta ce, "Yallaɓai, laifi na yi?" Ya ce gyaran aiki ne kawai. Ta kwashe ƙamus ɗinta da kofin shayinta ta koma teburin bayan ƙofa.

Abin bai tsaya ba. "Sun yi barazana" ya fito a matsayin "sun yi gargaɗi." Sai zargin ya bazu: mai duba kurakurai, mai tsara shafi, har injiniyan da ke gyara musu kwamfuta. Edita ya koma duk wanda ya yi masa murmushi sai ya bi shi da kallo.

Wata yamma ya yi sallama da kowa kamar zai tafi gida, ya sauka ya zagaya bayan ginin, ya hawo ta ɗaya matakalar. Ƙofar ɗakin tsara shafuka a buɗe take kaɗan. Mai tsara shafi ya fita shan iska. A kujerarsa Dogo ne zaune, ya sunkuya, yana goge kalma harafi bayan harafi.

"Ashe kai ne."

Dogo bai ko zabura ba. Ya janye hannunsa ya ce, "Ɗanka yana can."

"Wane ɗan nawa?"

"Babban ɗana, soja, wanda ka koya wa hawa keke. An tura rundunarsu bakin kogi. Duk ranar da muka rubuta mamaya, gobe wani babba ya ɗauka ya maimaita a rediyo, jibi a ce sai an rama. Uwarsa ko barci ba ta yi."

"To ai mamaya ce!"

"Su ma haka jaridunsu ke cewa a kanmu. Kalma ɗaya, sai dai a juya sunan ƙasa."

Edita ya zuba masa ido, ransa na tafasa. Can ya ce, "Wannan sai ka zo mu yi musu a ofishina, in ka kayar da ni ka kayar. Amma kana zaune na ɗora wa baiwar Allah laifinka, ka sosa ƙeya ka ƙyale ni."

A nan Dogo ya sunkuyar da kai.

Edita bai kore shi ba, amma ya raba shi da shafin farko, kuma hirar da suka saba yi a bakin mota ta mutu. Da safe ya je teburin bayan ƙofa, ya tsaya yana juya tabarau a hannu, ya ba ta haƙuri, ya ce ta koma kujerarta.

"Na gane tun ranar da ka daina tambayata ya yara, yallaɓai," in ji ta. "Wayar da nake fita amsawa, surukata ce ba ta da lafiya, ba ta jin yarenmu."

Ta ce ta yafe, amma a bar ta a shafin lafiya, can ba mai leƙen bakinta. Kafin ƙarshen shekara wani gidan rediyo ya ɗauke ta, ta yi sallama da kowa hannu bibbiyu ta tafi.